Mai Sharhin Wasa: Idon Mai Sauraro Ne, Ko Maroƙin Ƙungiyarsa?

Wannan shi ne taƙaitaccen abin da muka tattauna a filinmu na wasanni na makon jiya. Mun rubuta shi ne saboda waɗanda shirin ya wuce su, ko suna kan hanyar kasuwa, ko suna daji da bisashe batir ya ƙare. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa na kusa da shi.

Ƙorafi biyu ne suka jawo maganar, kuma a mako ɗaya suka iso mana. Wani Alhaji mai fataucin hatsi tsakanin Jibiya da Maraɗi ya bugo waya ya ce mai sharhinmu ba shi da kishi: an kayar da ɗan kokawar jiharsu, shi kuwa ya faɗi kayen kamar ba abin da ya faru, har yana yabon wanda ya yi kayen. Bayan kwana biyu wani makiyayi daga wajen Magarya ya aiko ƙanensa da saƙo. Ya ce shi kam ya daina yarda da wani mai sharhin ƙwallo da yake kamawa a rediyonsa, domin a bakin mutumin nan kullum ƙungiyarsa ce ke kai hari, sai an tashi wasa ya ji ashe an ci su biyu. Ɗaya yana kukan mai sharhi bai goyi bayan nasa ba, ɗaya yana kukan goyon bayan ya yi yawa. To, mene ne ainihin aikin mutumin nan da ke riƙe da makirfo?

Wanda ba ya filin, da idon wa yake gani?

Baffanninmu makiyaya sun fi kowa sanin amsar nan, ko da ba su taɓa shiga filin ƙwallo ba. Kafin a tashi da garke zuwa mashekari, akan tura garso ko wani amintacce ya je ya dubo ciyawa da ruwa. Mutumin nan yana son shanun, nasa ma suna ciki. Amma in ya tarar tafki ya ƙafe, ya dawo ya ce da ruwa don kada ya ɓata wa mutane rai, ai ya kashe garken. Sonsa ga shanun shi ne zai sa ya faɗi abin da ya gani, ko da ba daɗin ji.

Haka mai sharhin rediyo yake. Wanda ke gidan kallo yana da idonsa, in mai sharhi ya yi ƙarya zai ƙaryata shi nan take. Amma direban da ke jiran a buɗe shinge a Ƙonni, da yaron da ke bin shanu rediyo na rataye a kafaɗarsa, ba su da wani ido sai bakin mai sharhi. In ya ce ƙwallo ta fita, ta fita ke nan. In ya ce alƙali ya yi cuta, gobe a kasuwa haka za a ba da labarin, kuma haka zai zauna a kan mutane shekara da shekaru. Wannan amana ce, ba ƙarama ba.

Maroƙi daban, ɗan jarida daban

A ƙasar Hausa ba mu rasa masu zuga gwani ba. Kowa ya san yadda Ɗan Anace ya ɗaukaka Shago a fagen dambe. Ba wanda ya taɓa zuwa wurin makaɗi ya ce masa ya yi adalci tsakanin gwaninsa da abokin karawarsa, domin ba aikinsa ba ne. Kowa ya san ɓangarensa, kowa ya san wanda ke ba shi kyauta, saboda haka ba yaudara a ciki.

Ku dubi gasar takobin ƙasa ta kokawar gargajiya a Nijar. An fara ta a Tawa a 1975, kuma Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobin. Jihohi takwas ne ke shiga: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tillaberi, Damagaram da Yamai, kowace da 'yan kokawa goma, tamanin ke nan. Kowace jiha takan zo da makaɗanta da masu kirarinta, su cika fili da zuga. Wannan ado ne na kokawa, in babu shi wasan ba zai yi armashi ba.

Sai dai a gefen filin nan akwai wani mutum da belun kunne, yana magana da jihohin takwas gaba ɗaya, har da mutanen Illela da Maigatari da Kamba a wancan gefen iyaka. Shi ma ɗan wata jiha ne, a cikinta aka haife shi, kuma zuciyarsa tana bugawa in ɗan garinsu ya shiga fili. Amma ranar da Issaka Issaka na Doso, wanda ya ɗauki takobi har sau shida, ya kama ɗan jiharsu ya kai ƙasa, abin da ke kansa shi ne ya faɗi yadda kamun ya kasance, ya ce kaye ne mai kyau in mai kyau ne. In ya koma cewa asiri ne, ko alƙali ya ci kuɗi, alhali bai ga komai ba, to ya ajiye aikin jarida ya ɗauki na maroƙi, kuma bai gaya wa kowa ya sauya riga ba. Laifin yana nan ne: maroƙi ya faɗi ɓangarensa a fili, shi kuwa ya ɓoye nasa a bayan sunan gidan rediyo.

Ranar da aka yi rawa a banza

Ga misalin da mutanen Nijar ba za su manta ba. A wasannin neman shiga gasar cin kofin Afirka ta 2012, Mena ta Nijar tana rukuni ɗaya da Masar da Afirka ta Kudu da Saliyo. A Yamai, Mena ta ci wasanninta uku duka: ta doke Masar 1-0, Saliyo 3-1, Afirka ta Kudu 2-1. A waje kuwa duka ukun aka ci ta.

Ranar ƙarshe, 8 ga Oktoba 2011, Masar ta lallasa Mena 3-0 a Alƙahira. A daidai lokacin Afirka ta Kudu tana karawa da Saliyo a garin Nelspruit. Da labari ya iso cewa ana cin Nijar, sai mai horar da Afirka ta Kudu, Pitso Mosimane, ya ga ai canjaras ya ishe su, domin a lissafinsa yawan ƙwallaye ne zai raba gardama. 'Yan wasansa suka shiga cinye lokaci, aka tashi babu ci. Suka yi ta rawa suna zagaya fili, gidan talabijin na ƙasar ya shelanta cewa sun tsallake.

Ashe ba haka dokar gasar ta ce ba. Ƙasashe uku ne suka tashi da maki tara-tara: Nijar, Afirka ta Kudu da Saliyo. Dokar hukumar CAF ta ce in aka yi kunnen doki irin wannan, sakamakon wasannin da ƙasashen suka yi tsakaninsu ake fara dubawa. A wannan lissafi Nijar tana da maki shida, sauran biyun biyar-biyar. Haka Mena, ƙarƙashin Haruna Dula, ta tafi gasar kofin Afirka karo na farko a tarihinta, a ranar da aka ci ta uku.

Laifin farko na masu horarwa ne da hukumar ƙwallon ƙasar. Amma ku tambayi kanku, ina masu sharhin da ke watsa wasan? Dokar a rubuce take tun kafin a fara gasar. Abin da kowa ke so ya ji shi ne "mun tsallake", sai aka faɗe shi, ba a tsaya an buɗe takarda ba. Hausawa suka ce so hana ganin laifi. A nan har ganin doka ya hana. Da mai riƙe da makirfo ya dage tun kafin hutun rabin lokaci cewa canjaras ba zai fisshe su ba, da ya yi wa ƙasarsa amfanin da masu tafi dubu ba su yi mata ba.

Faɗin gaskiya ba juya wa naka baya ba ne

Kada kuma a ɗauka adalci shi ne mai sharhi ya riƙa danne nasa don a ce ba ya son kai. Wannan ma karkata ce, ta ɗaya gefen.

Ranar 13 ga Fabrairu 2000 aka yi wasan ƙarshe na kofin Afirka a Legas, tsakanin Najeriya da Kamaru. Kamaru ta fara cin biyu ta ƙafar Samuel Eto'o da Patrick Mboma, Najeriya ta farke ta hannun Raphael Chukwu da Jay-Jay Okocha. Aka je bugun fanareti. Victor Ikpeba ya buga, ƙwallo ta daki sandar sama ta faɗo ƙasa ta fito. Alƙalin wasa, Mourad Daami ɗan Tunisiya, ya ce ba ta shiga ba. Hoton talabijin da aka maimaita ya nuna ta tsallake layi. Kamaru ta ɗauki kofi da ci 4-3.

Ɗan jaridar Najeriya da ya ce ƙwallon nan ta shiga bai yi son kai ba, gaskiya ya faɗa. Ɗan jaridar Kamaru da ya ce ba ta shiga ba bayan ya ga hoton, shi ne ya yi ƙarya. Amma labarin bai ƙare a nan ba. Cikakken rahoto zai ƙara da cewa Nwankwo Kanu ma ya ɓarar da nasa bugun, cewa Ikpeba da kansa ya ɗora hannu a ka kamar wanda ya zubar, cewa a wancan zamani babu na'urar da alƙali zai koma ya duba, kuma Kamaru ta yi wasa mai kyau a ranar. Mai son kai yakan tsinci guda ɗaya daga cikin waɗannan, wanda ya yi masa daɗi, ya zubar da sauran. Kun san dillalin da zai nuna maka ƙahon sa da tozonsa, ya hana ka buɗe bakinsa ka ga haƙora. Bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba, amma ya cuce ka.

In baki ya zama ashana

Wani zai ce, to wasa ne fa, in an ƙara gishiri me ya ɓaci? 'Yan kasuwar kan iyaka, wannan ɓangaren naku ne.

A Nuwamban 2009 Masar da Aljeriya suna neman gurbi ɗaya na zuwa gasar cin kofin duniya ta 2010. Tun kafin wasa, wasu jaridu da gidajen talabijin na ƙasashen biyu suka shiga zagin juna. Da 'yan wasan Aljeriya suka sauka a Alƙahira aka jefi motarsu da duwatsu, wasu suka ji rauni. Wasu kafofin Masar suka ce ƙarya ce, su suka fasa gilashin da kansu. Ranar 14 ga wata Masar ta ci 2-0, abin da ya sa dole a sake karawa a wata ƙasa. A Aljeriya kuma aka baza labarin cewa an kashe magoya bayansu a Alƙahira, labarin da aka ƙaryata daga baya. Kafin ƙaryatawar ta isa kunnen mutane, an riga an far wa ofisoshin kamfanonin Masar a birnin Aljas, har da na jirgin sama da na wayar salula.

Ranar 18 ga wata aka sake haɗuwa a Omdurman ta Sudan, Antar Yahia ya ci wa Aljeriya ƙwallo ɗaya, ta tafi gasar. Masar ta kira jakadanta gida. Daga baya hukumar FIFA ta ci tarar hukumar ƙwallon Masar saboda jifan motar nan da aka ce ba a yi ba.

Ku lura da wanda ya biya kuɗin wannan rigima. Ba masu sharhin da suka yi ta kumfar baki a ɗakin watsa shiri ba ne. Ma'aikaci ne da ke neman abincinsa a ƙasar maƙwabta, da mai shago, da matafiyi. Mu da muke zaune inda mutum ke karin kumallo a Nijar ya ci abincin rana a Najeriya, inda ake aurayya, ake bin juna bashi, ake shayar da dabbobi a rijiya ɗaya, mun fi kowa sanin abin da kalma ɗaya za ta iya jawowa ranar kasuwa. Magana zarar bunu ce.

"Mu" ɗin nan, su wane ne?

Gidan rediyon da ake ji a ƙasa ɗaya zai iya cewa "mun ci" ba wanda zai ɗaga kai. Namu ba haka yake ba. A Janairun 2016, a gasar 'yan wasan cikin gida ta Afirka da aka yi a Ruwanda, Najeriya ta ci Nijar 4-1. A rumfa ɗaya a kasuwar Mai'aduwa za ka iske wanda ya ji daɗin wannan sakamako da wanda ya ji zafinsa, wataƙila ma ɗan wa da ɗan ƙane ne. In mai sharhi ya ce "mun ci su", ya kori rabin masu saurarensa daga rumfar. In ya ce "an cuce mu", ya kori ɗaya rabin.

Shi ya sa a irin wannan rana muke kiran kowace ƙungiya da sunanta. Kuma in ƙwallo ta shiga, ko ta wane gefe ce, muryar da za a ɗaga ɗaya ce. Mai sauraro yana gane ɓangaren mai sharhi tun daga yadda ya ja numfashi, kafin ma ya furta kalma.

Me ke karkatar da mai sharhi?

Na farko, kusan duk wanda ya shiga wannan aiki son wasa ne ya kawo shi, kuma ba a son wasa sai da gwani. Yau ma ga ƙungiyoyin Turai sun shigo, za ka iske mai sharhi ɗan Arsenal ne ko ɗan Barcelona tun yana yaro. Wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne ya shigo da shi cikin rahoto.

Na biyu, sabo. Wanda ke bin ƙungiya a mota ɗaya, yana cin abinci da 'yan wasa a kwano ɗaya, nauyin baki zai kama shi ranar da suka yi abin kunya. Yana kuma tsoron in ya faɗa, gobe ba wanda zai ɗauki wayarsa.

Na uku, abin hannu. Albashin ɗan jarida a yankinmu ba yawa gare shi ba, wani ma babu. In shugaban ƙungiya ne ke biyan kuɗin motarsa da masaukinsa, ya ƙara masa da na goro, to da wane baki zai ce shugaban nan bai biya 'yan wasa haƙƙinsu ba? Dillalin da ya karɓi la'ada a ɓoye daga mai saniya, ba zai gaya wa mai saye tana tari ba.

Na huɗu kuwa mu ne, masu sauraro. Mukan fi son wanda zai gaya mana alƙali ne ya kayar da mu, mu zagi wanda ya ce gwaninmu ne bai shirya ba. In kasuwa ta fi karɓar gauraye, gauraye za a riƙa kawo mata.

Akwai kuma masu sa kuɗi a kan wasa, abin da ya yawaita a wayoyin samari. Ba muna ƙarfafa caca ba ne, hasara ce kuma addini ya hana. Amma mu sani, yaron da ya ji mai sharhi ya rantse cewa ƙungiya kaza ba za ta faɗi ba, wani lokaci kuɗin akuyar gidansu yake ɗauka.

Yadda za ka auna mai sharhi

Ba sai ka yi boko ba. Yadda kake auna mai awo a kasuwa, haka za ka auna shi.

Ka saurara ko yana raba abin da ya gani da abin da yake zato. "Alƙali ya ba da fanareti" labari ne. "A ganina bai kamata ya bayar ba" ra'ayi ne, kuma yana da damar faɗinsa muddin ya ce nasa ne. "An sayi alƙali" kuwa tuhuma ce, sai da shaida.

Ka duba ko mudunsa ɗaya ne. In ɗan wancan gefe ya yi tsalle da ƙafa biyu ya kira shi mugunta, to in nasa ya yi, kada ya koma kiransa jarumta.

Ka lura ko ya san sunayen 'yan wasan ɗaya ɓangaren, ko kuwa duk "wancan mai lamba tara" ne. Wanda bai damu ya san sunansu ba, bai shirya yi musu adalci ba.

Ka ji ko yakan ce "ban gani da kyau ba". Fili yana da faɗi, ƙura takan tashi, mutane sukan tare gaba. Mai sharhin da bai taɓa rasa ganin komai ba, yana cike giɓin da son ransa ne.

Sannan ka jira gobe. In ya yi kuskure, yakan dawo ya gyara a gaban kowa, ko yakan wuce kamar ba shi ya faɗa ba?

Amsarmu ga masu ƙorafi

Alhaji na hanyar Jibiya, mun ji kukanka, kuma mun san zafin kaye. Kishin jiharka abu ne mai kyau, ka riƙe shi. Ka je fili da ganga, ka yi wa gwaninka kyauta, ka yi musu da abokanka na Doso da na Tawa har dare ya raba. Wannan gonarka ce, ba mai hana ka. Amma ka bar wa mai sharhi tasa. Ranar da ɗan Maraɗi zai yi kaye mai kyau, mai sharhin nan zai yabe shi, kuma mutanen sauran jihohi za su yarda, saboda sun ji shi yana yabon nasu ranar da suka cancanta. Yabon wanda ke yabon nasa kullum ba ya wuce ƙofar gida.

Baffa na wajen Magarya, kai kuma gaskiyarka. Wanda ya gaya maka ana ruwa alhali rana ake ƙwallawa, ba dole ka ci gaba da ba shi batirinka ba. In mu ma ka kama mu da irin wannan, ka sake aiko ƙanenka, za mu karanta saƙon a fili kamar yadda muka karanta wannan.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba dokokin kaye da na gargaɗi a kokawar gargajiya, domin yawancin gardamar da ake yi da alƙalai daga rashin sanin su take tasowa. Mai tambaya ya aiko tun da wuri, ta waya ko ta hannun wakilanmu a kasuwanni. Allah ya ba da sa'ar kasuwa, ya kiyaye dabbobi, ya kai matafiya gida lafiya.